Tsarabar da Ta San Hanyar Gida

Lokacin da nake yaro, gidanmu na Marken Liman, can ƙasar Gazara, cike yake da mutane har tukunya ɗaya ba ta isarmu. Soraye ne na ƙasa, rufin azara, da zaure mai sanyi kamar cikin randa. Daga baya aka yi kwalta nesa da mu, kowa ya kwashi iyalinsa ya koma bakin titi, ya gina bulo ya rufa kwano, ya zauna yana gasuwa yana godiya. Tsofaffin gidajen suka zama kangaye, jemagu suka gaje su. Yau kuma abin ya juya. Mutanen birni, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa ganin rumbu ba sai a hoto, su ne ke neman inda za su kwana a ɗakin ƙasa, har su biya. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta gyara kangaye a Kudan da Makarfi da Ikara, ta danƙa kowane gida ga mai ƙaramin ƙarfi daga cikin magada, ya riƙa saukar baƙi yana samun na rufin asiri.

Ni abin bai ba ni mamaki ba. Na yi shekaru ina aikin tafinta, na kwana a irin waɗannan gidaje a Fas ta Maroko, da wani ƙauyen dutse a Turkiyya, da Agadas. Ko'ina mai gida zai yi maka murmushi da Larabci ko Faransanci, gari na wayewa kuma ya miƙo hannu. Namu gidan, matar yayana marigayi aka ba wa, Yaya Dije. Na yi murna ƙwarai. To sai labari ya iske ni a Kaduna cewa tun da aka fara shirin nan na rage talauci, kajinta sun ƙare, zabinta sun ƙare, saura akuya guda. Akuyar nan kuwa ita ce asibitinta, ita ce takin gonarta, ita ce abin da take dubawa in damina ta yi tsawo. In ta tafi, Yaya Dije ba ta da komai sai gida mai kyau. Shi ya sa na ɗauki jakata.

Talata: Kaduna zuwa Kudan

Na fita bayan sallar asuba, na samu mota a Kawo, aka ba ni gaba saboda furfura. Direban yaro ne mai surutu.

"Baba, ina aka nufa?"

"Yawon buɗe ido."

"Ma sha Allah! Dubai?"

"Kudan."

Ya dube ni har ya kusa barin titi. "Baba, mu fa daga can muka gudo."

A Zariya na karya da shayi da burodi a Kwangila, na shiga ƙaramar mota zuwa Hunkuyi, mu huɗu a baya da buhun taki a kan ƙafafunmu. Daga nan babur ya ƙarasa da ni. Na so in fara ganin wani gida da aka ce ya fi kowanne kyau, in gane inda matsalar take kafin in isa namu.

Ba su yi ƙarya ba. An yi masa sabon yaɓe, an shafe shi da makuba, an yi zane a ƙofar zaure, zankwaye a tsaye kamar kunnuwan zomo. Ko a Fas sai a tsaya a kalle shi. Na yi sallama, mai gidan ya fito, dattijo mai suna Malam Tanimu. Muka gaisa har muka gaji. Da na leƙa ciki sai na ga igiyar shanya, da turmi, da jikoki suna wasa.

"Malam, ina baƙin?"

"Suna gidana na bakin titi. Na kwaso iyali mun dawo nan, mun bar musu can."

"Ba nan suka zo kwana ba?"

"Haba Alhaji! Mutum ya taso tun daga Abuja in kwantar da shi a ɗakin ƙasa? Me za a ce da ni a masallaci?"

Ya kai ni in gaishe su. Miji da mata ne, suna zaune a ɗakin kwano, gumi har gwiwar hannu, janareta na ruri a bayan taga, gabansu kwanon kaza. Da matar ta ji ina Turanci sai ta kama hannun rigata. Ta ce don Allah in gaya masa soron ƙasa suka zo kwana. Sun roƙe shi, sun sake roƙonsa, kuma duk sa'ad da suka roƙa sai ya je ya yanka wata kazar. Na fassara masa tsaf. Malam Tanimu ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ka ga mutanen kirki? Ba sa so su takura mini." Ya juya ya ƙwala kira a kama baƙar kazar nan mai wuyan tsirara.

Da muka keɓe na tambaye shi kuɗin kwana. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Gidana otal ne?"

"Ƙungiya ba ta faɗa muku abin da za ku karɓa ba?"

"Ta faɗa. Mun ce to."

Na san wannan "to" ɗin tun ina goye. A nan na kwana, a zaure, bayan doguwar gardama. Da safe ya rako ni da damin rake da zakara. Na sa hannu a aljihu, ya rantse. Na cire.

Laraba: Kasuwar Makarfi

Babur ya fito da ni titin Kano, na hau mota zuwa Tashar Yari, daga nan muka karkata Makarfi. A wani shinge na 'yan sa-kai, ɗaya ya leƙo ya ga zakara a cinyata.

"Baba, takardar wannan fasinja fa?"

"Ɗan yawon buɗe ido ne."

Suka yi dariya suka ɗaga mana katako.

Ranar kasuwa ce, Makarfi ta cika ta batse. Rake tsibi-tsibi, mazarƙwaila jere kamar tubali, barkono yana sa atishawa tun daga nesa. Na ga kasuwanni da yawa, amma ban ga inda ake ciniki da tsawa ana rabuwa da addu'a kamar namu ba. Na ci waina da miyar taushe a wata rumfa, ina ta tunani. Ba a zuwa gidan matar yaya hannu rabbana, kuma raken wani da zakaran wani ba tsarabata ba ce. Tunda dabbobinta ne ke ƙarewa, na ce bari in saya mata akuya, tata ta samu abokiyar zama.

Na shiga kara, wurin dabbobi. Dillali ya nuna mini wata ja mai fari a goshi, kunnenta ɗaya a tsage, cikinta ya fara nauyi. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka. Na yi kamar zan tafi, ya riƙe mini riga ya sallama. Ba zan faɗi farashin ba, don matata tana karanta abin da nake rubutawa.

Laraba da yamma: Hanyar Marken Liman

Mai babur ya ɗaure raken a baya, zakara a gaba, ni da akuya a tsakiya, muka nufi Gazara. Bayan garin kaɗan ruwa ya cinye hanya, ya sauke ni ya ce daga nan sai ƙafa. Na bar masa raken ladan haƙuri.

A nan na gane na daɗe ban zo gida ba. Inda na san fili ya zama gonar masara, inda na san kuka babu ko kututture. Na tsaya a mararraba, zakara a hammata, ina juye-juye. Ni da na bi lungunan Fas ban ɓata ba, ga ni na ɓata a ƙasar ubana. Sai akuya ta ja igiya ta yi hagu. Na ja ta dama, ta turje. Na ce to, mu ga iyakarki. Ta bi gefen wata gona, ta tsallaka kwari ta inda duwatsu suke, ta tsaya a wata rijiya har wata mata ta zuba mata ruwa ba tare da ta tambaye ni ba. Matar ma akuyar ta fara yi wa magana kafin ta gaishe ni. Muka ci gaba. Can sai ga marken bakin gari, sai ga zankwayen gidanmu, sabo fil kamar ranar da kakana ya gama shi. Akuya ta shige zaure, ta ratsa tsakar gida, ta je gindin wani turke ta tsaya tana jiran a ɗaure ta.

Yaya Dije ta fito daga madafa. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, tsufa bai kashe shi ba.

"Lale da ɗan ƙaramin mijina! Duniya ta ƙare ne ka tuna da mu?"

Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai idonta ya faɗa kan turke.

"Wannan fa?"

"Tsarabarki ce, Yaya."

"A ina ka samo ta?"

"Makarfi."

Ta zauna a kan turmi. "Kai yanzu, ka je Makka, ka je Masar, ka koyo harsuna kamar aku, ka dawo ka sayo mini Kyalla?"

Ashe akuyarta ce, guda ɗin da ta rage; da asubar ranar ta ba mai kai dabbobi kasuwa ita. Baƙi za ta yi ran Juma'a, ɗalibai daga Zariya. Kuɗin har ya riga ni isowa, ya zama shinkafa da mai da kaji biyu.

"Ba komai," in ji ta. "Laraba mai zuwa sai ta koma."

"Tsarabar tawa za ki kai kasuwa?"

Ta harare ni. "Ka ɗaure ni, Allah ya shirye ka."

Na zauna na yi mata bayani a hankali. Na ce don ta samu aka gyara gidan nan, ba don ta ciyar da mutanen da suka fi ta ba. Na ce a Maroko...

"Maroko tana da surukai a Gubuchi? 'Yata tana aure can. In na karɓi kuɗin kwana da hantsi, kafin la'asar an gaya wa uwar mijinta. Yayanka ya yi zamaninsa a zauren nan, bai taɓa karɓar ko anini a hannun baƙo ba. Sai bayan ransa in buɗe kanti a ciki?"

Muna haka maƙwabciyarta ta shigo, Mama Saratu, ita ma mijinta ya rasu, ita ma an gyara mata gida. Baƙinta na ƙarshe 'yan wata majami'a ne daga Kafanchan, sun tafi suna sa mata albarka bayan sun cinye agwaginta. Aka ba ta labarin Kyalla, ta yi dariya har da hawaye. Can ta tsaya cak.

"Dije, kuɗin akuya yana wurinki?"

"Ya zama shinkafa."

"Akuyar fa?"

"Ga ta nan tana cin zanina."

"Baƙon naki ya biya?"

"A hannun dillali ya biya, ba a hannuna ba."

"Kin ji kunya?"

Yaya Dije ta yi tunani. "A'a."

"To me muke jira?"

Alhamis: Zauren Liman

Shawarar Mama Saratu ita ce: ranar da Yaya Dije za ta yi baƙi, ita za ta zauna a gindin marke da Kyalla, ta sayar musu a matsayin tsaraba, su kai wa mai masaukinsu. Ranar nata baƙin kuma, Yaya Dije ta zauna da agwagwa ɗaya da ta rage. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, na ce sai an tambayi Liman.

Liman ya saurara yana shafa gemu.

"Akuyar ta mai ita ce?"

"Tata ce, Allah ya gafarta Malam."

"Ta wakilta a sayar?"

"Ta wakilta."

"Wanda ya saya, in ya ga dama ya tafi da ita gidansa, za a hana shi?"

Muka dubi juna. Yaya Dije, daga bayan ƙofa, ta ce da ƙyar, "Ba za a hana shi ba."

"To ciniki ya yi, kyauta ma ta yi. Amma da sharaɗi. A gaya wa baƙo gaskiya tun a gindin marke, kada a yaudari kowa. Sannan a ƙara wa akuya dusa, don ita ce ma'aikaciyar."

"Allah ya gafarta Malam," in ji Yaya Dije, "in an gaya musu, ai ya zama na karɓi kuɗin kwana ke nan."

"Ke za ki gaya musu?"

"A'a."

"Kina wurin za a faɗa?"

"A'a."

"To ke tsaraba aka kawo miki. Ki yi godiya."

Juma'a: Gindin Marke

Bayan an sauko daga masallaci baƙin suka iso, ɗaliban zanen gine-gine da malamarsu, wata doguwar mace 'yar kudu mai tabarau, Hausarta tana tafiya da sanda. Mama Saratu ta ci ado, Kyalla a gefenta an goge mata jiki. Ni ne tafinta. Na bayyana wa malamar komai: mai gidan ba za ta karɓi kuɗi ba ko za a yanka ta, baƙon kirki kuma ba ya shiga gida hannu rabbana, ga akuyar mai gidan, farashinta daidai da abin da ƙungiya ta yanka na kwanansu. Ta cire tabarau ta dube ni.

"In saya akuyarta, in kai mata?"

"Haka ne."

"Ta san tata ce?"

"Yau ba ta sani ba."

Ta yi dariya har ta dafa marke. Don wasa ta taya ƙasa, Mama Saratu ta ɗaure fuska ta ce albarka. Malama ta biya. Aka miƙa mata igiya, Kyalla ta shige gaba, malama da ɗalibai suka bi ta a jere suna ɗaukar hoto. Har rijiyar nan sai da ta zaga da su kafin ta nufi gida.

Yaya Dije ta tarye su a ƙofar zaure, ta tafa hannu.

"Lale, lale! Har da ɗawainiya? Akuya sukutum! Kai, Allah ya saka da alheri. Ji ta kuwa, kamar wata da na taɓa yi."

Na ce an gama lafiya. Ashe da saura. Labari ya kai wa mai unguwa cewa manyan baƙi sun zo har da akuya. Muna cikin shan fura sai ga shi da mahauci a bayansa, wuƙa a naɗe cikin tsumma.

"Dije, baƙin da suka yi wannan bajinta ba a ba su kaza. Garin nan yana da mutunci. A kwanto ta, su ci abinsu."

Yaya Dije ta dube ni, ta dubi turke. A gaban baƙi, a gaban mai unguwa, ba za ta iya cewa a'a ba, na kuma san ba za ta ce ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, ranka ya daɗe." Mahauci ya nufi turke.

A duk shekarun da na yi ina tafinta ban taɓa yin Turanci da sauri irin na ranar ba. Na raɗa wa malamar abin da ke shirin faruwa. Ta miƙe tsaye, fura a hannu, ta tattaro duk Hausar da take da ita.

"Ranka ya daɗe, ba yanka! Wannan akuya na kiwo. Akwai ciki. Mu dawo, mu gani yara."

Mai unguwa ya tsaya. Ya dubi cikin Kyalla, ya dubi malamar. Mai kyauta ta faɗi nufinta, ba shi da ta cewa.

"Ai shi ke nan. Ilimi ya yi. Mayar da wuƙarka."

Da aka tambayi ɗaliban abin da suke so su ci, suka ce tuwon dawa miyar kuka, don shinkafa sun gaji da ita a makaranta. Yaya Dije ta ce wannan abin kunya ne, amma ta tuƙa. Suka kwana a soron kakana, da safe suna ta shafa bango suna tambayar inda aka ɓoye na'urar sanyaya ɗaki. Kajin nan biyu suna raye na baro su.

Asabar: Ikara, sannan gida

Na yi sallama da hantsi. Yaya Dije ta cika mini jaka da kuka da daddawa, ta ce in gaishe da "kishiyarta" ta Kaduna, ta kuma ce in na tashi dawowa in zo da tsaraba wadda ba ta san hanya ba. Babur ya kai ni Makarfi, na hau mota zuwa Ikara, inda ofishin ƙungiyar yake, muna ta wuce kwandunan tumatir a bakin titi.

Jami'in shirin, Malam Sadiku, matashi ne mai ladabi da ya rame da tunani. Ya ce watanni ke nan yana ganin gidaje cike da baƙi, masu gidajen kuma suna ƙara tsiyacewa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce alhamdu lillahi. Na ba shi labari daga farko. Ya riƙe kai.

"Baba, akuya nawa ce ke nan a shirin?"

"Ɗaya."

"Kuma ba ta ƙarewa?"

"Muddin an riga mahauci magana."

Ya ce gobe zai tafi Kudan wurin Malam Tanimu. Na ce ya fara da dawo da mutanen Abuja cikin soro, in suna nan da rai. Ya tambaya ko Malam Tanimu yana da akuya. Na ce ko kaza ban tabbatar ta rage masa ba, amma maƙwabta ba sa rasa tunkiya.

Na ci dambu a tasha, na biyo ta Tashar Yari da Zariya, na shiga gidana a Kaduna ana kiran magariba. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da direbobi da masu babur da suka ɗauki tsoho da kayansa masu rai, da Malam Tanimu, da Liman, da Mama Saratu wadda ta ga abin da ni ban gani ba.

Daga baya Yaya Dije ta kira ni a wayar Mama Saratu. Kyalla ta haifi biyu, kaji sun fara yawa a tsakar gida, kuma yanzu mai unguwa da kansa yake gaya wa baƙi cewa tsarabar garin ta kiwo ce. Har yau babu wanda ya karɓi kuɗin kwana a hannun baƙo a Marken Liman. Amma gidanmu ya daina zama kango, kuma Yaya Dije ta daina sayar da abin hannunta don ta ciyar da baƙi.